Bakin Kaka Ya Riga Muryarsa

Shekarata ta farko a shagon kawuna da ke Sinja, ban ɗauka akwai abin da zai gagare ni a kan kwamfuta ba. Ban daɗe da gama karatu a Wad Madani ba, kaina a kumbure yake. Aikin shagon haɗa bidiyon biki ne da na suna. A kawo abin da aka ɗauka, in yanke wuraren da mai kyamara ya shagala ya ɗauki ƙafafun mutane, in sa kiɗa da furanni masu yawo a gefen hoto, in zuba a faifai. Kawu ne mai fita ɗauka, ni ce mai zama gaban na'ura. Da safe in hau mota daga ƙauyenmu na bakin kogi, da la'asar in koma.

Kakana na wajen uba yana da rai a lokacin. Ya haura tamanin, kunnensa garau, harshensa kuma ya fi kunnen kaifi. Kamar yadda kaka ke yi da jika, amarya yake kirana, ni kuma in ce na fasa auren tunda ba shi da haƙoran cin nama. Larabci yana jinsa sarai, da shi ya yi noman auduga da cinikin dawa duk rayuwarsa, amma a cikin gidansa ba ya amsa shi. In ka gaishe shi da Larabci sai ya leƙa bayanka, wai yana neman wanda kake yi wa magana.

A wannan shekarar wani ɗan kasuwa daga Sakkwato ya sauka a ƙauyenmu. Turaren wuta da humra yake zuwa saye, yana da dangin uwa a unguwarmu, sai ya zo gaida Kaka. Hira ta yi hira, aka shiga wane ɗan wane, can sai ga shi baƙon ya san gidan da mahaifin Kaka ya baro. Mahaifin nasa yana saurayi ya biyo ayarin da ya yi gabas, ya bar ƙane ƙarami wanda ƙafarsa ba ta isa tafiyar ba, kuma ba su sake ganin juna ba. Baƙon ya ce ƙanen ya daɗe da rasuwa, amma 'yarsa tana nan, tsohuwa tukuf, da 'ya'ya da jikoki.

Ina gefe ina zuba musu jabana, wato gahawarmu. Daidai nan wasu samarin gidanmu suka wuce ta ƙofa suna ta hirarsu da Larabci. Baƙon ya yi dariya, ba da mugun nufi ba, ya ce, "Ai can gida ana hwaɗin kun zama Larabawa. Wai Hausa ta ɓace muku, sai dai suna."

Kaka ya kurɓi jabanarsa. Ni da na san shi, na gane maganar ta taɓa shi.

Washegari Lahadi ya aika a kira ni.

"Amarya, wagga waya taki, tana ɗaukar mutum har da maganatai?"

Na ce tana ɗauka.

"To ki ɗauke ni. In aika ma ɗiyar ƙanen ubana. Su gani da idonsu, su ji da kunnensu, ko ta ɓace ko ba ta ɓace ba."

Baƙon ya ce a sa a faifai, don gidan suna da talabijin da na'urar faifai, kowa zai kalla kuma abin zai zauna a hannunsu. Ranar Alhamis da hantsi zai hau mota. Na ce ai kwana huɗu sun yi yawa, aikin yini ɗaya ne. Kyamarar kawu tana wajen wani biki a Rufa'a, ban ma damu ba, don wayata sabuwa ce kuma ina ji da ita.

Na so Kaka ya fito rumfa inda haske yake. Ya ƙi. Ya ce shi ba akuya ba ne da za a fitar kasuwa a duba. A ɗakinsa ya zauna, a bakin gadon igiya, da farar jallabiya da rawani, hasken ƙofa na dukan rabin fuskarsa, jabana a gabansa. Na tsaya ina riƙe da waya, ya yi gyaran murya sau biyu, ya yi bisimilla, ya fara.

Ban taɓa jin ya yi magana irin ta ranar ba. Ya ambaci kakanni ɗaya bayan ɗaya. Ya faɗi yadda mahaifinsa ke kwatanta ƙofar gidansu da bishiyar da ke gabanta, da yadda har ya tsufa in aka dama fura sai ya ce ba ta kai ta gida ba. Da ya zo kan ƙanen da aka bari, muryarsa ta karye, ya yi kuka a gabana, abin da ban taɓa gani ba.

Sai dai labari ya riga ya zaga unguwa cewa ana ɗaukar Kaka za a kai Sakkwato. Tsofaffi suka dinga shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da sallamarsa, kowa na son a ce da shi aka yi. Ni kuwa duk karatun da na yi, gwiwata ba ta je Wad Madani ba. Babba na shigowa sai in ji ni a durƙushe ina gaisuwa, waya a cinya cikin tobina, wato lulluɓin da muke naɗawa, sai an gama tambayar gida da gajiya in miƙe in ci gaba. Ban kashe wayar ba, na ce ai yankewa ba wuya.

Litinin na zuba shi a kwamfutar shago. Na yanke duk wuraren gaisuwa, don ba abin da ake gani sai baƙi. Na ƙara hoton kogi da na gonar Kaka da na sandar mahaifinsa. Na duba farkon, na ga lafiya lau, na fitar da faifai, na kama hanyar gida ina jin kaina. Ƙarshen ban kalla ba, kuma wannan ba laifin kowa ba ne sai nawa.

Bayan la'asar aka taru a rumfa, aka jawo talabijin. Farko komai daidai, mata suna ta "ma sha Allahu". Can sai bakin Kaka ya fara riga muryarsa da ɗan kaɗan. Jim kaɗan tazarar ta ƙaru. Hannunsa yana kan gwiwa, ƙiftawar ido sai ga shi a kan rawani, ba a ga tafiyarsa ba. Kafin a kai tsakiya, Kakan da ke cikin talabijin ya kafa baki a finjali yana kurɓar jabana, muryarsa kuwa tana ta salati. Wata 'yar baffana ta kasa riƙewa, ta tuntsure da dariya ta ce, "Wallahi Kaka ya zama musalsal!" Tana nufin wasannin Turkawa da muke kallo, waɗanda ake ɗora wa Larabci, baki na gabas magana na yamma. Rumfa ta ɗauki dariya, har da ni, don abin da ban dariya.

Kaka ya ce a kashe. Aka kashe.

"Wa yay yi magana cikin wanga abu?"

Na ce, "Kai ne mana, Kaka."

"Bakina na shan jabana, muryata na salati. Mutum biyu nike?" Ya dube ni, ba wasa a fuskarsa ko kaɗan. "In sunka ga hakanga, mi za su ce? Za su ce tsohon bai iya ba, an samo mai Hausa an ɗora mai murya, awa Turkawan nan naku. Gara kar a aika komi."

Na daina dariya. Na ce to mu sake ɗauka gobe, da kyamarar kawu.

"Abin da nih hwaɗi ya hita. Ban iya kuka sau biyu don ke ki gyara injinki."

Raina ya ɓaci, kunya kuma ta rufe ni. Mutumin nan abu ɗaya ya roƙe ni a rayuwarsa, na mai da shi abin dariya a rumfarsa. Na ce masa kafin Alhamis bakinsa da muryarsa za su shirya. Ya ce to, in ba su shirya ba ya sake ni.

Talata tun da safe ina gaban kwamfuta. Abin da ya fara ba ni haushi shi ne, in na kunna bidiyon a cikin wayar komai daidai yake tun daga farko har ƙarshe. Da ya shiga manhajar haɗa bidiyo sai ya haukace. Saboda haka na yanke hukunci cewa kwamfutar kawu ce ta tsufa, na kuma faɗa masa ba tare da sakaya ba. Kawu ya ji zafi, don ya fi son kwamfutar nan a kan wasu 'yan uwansa.

"Ya bitti, 'yata, injin nan ya yi biki ɗari bai yi gardama ba. Sakhana ce kawai, zafi ya yi mai yawa."

Ya buɗe cikinta ya hure ƙura. Ya juya fankar shago gaba ɗaya ta koma kanta, mu muka zauna muna zufa ita tana shan iska. Ba abin da ya canza. Ya ce to wutar lantarki ce ba ta da ƙarfi, muka jira ta yi ƙarfi. Ya canza igiyar waya. Na rufe duk wata manhaja da ke buɗe, na goge bikin mutane uku da aka riga aka karɓa don a sami wuri. Mai shayin da ke maƙwabtaka da mu ta leƙo ta kalli Kaka yana tsalle daga gwiwa zuwa rawani, ta ce ita a ganinta a yi wa tsohon addu'a, ba injin ba.

Daga nan na ce bari in yi da hannu. Na kama layin murya na ja shi har ya dace da baki a ƙarshen bidiyon. Ƙarshe ya gyaru, farko ya lalace. Na mayar, farko ya gyaru, ƙarshe ya koma gidan jiya. Na rage saurin hoton gaba ɗaya, sai farko da ƙarshe suka dace, tsakiya ta kama gabanta. Har na tashi ban ci komai ba sai haushi, kuma a mota wata mata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mini.

Laraba na zo da sanyin jiki, girman kan ya ragu, wataƙila shi ya sa na fara kallon abin da idon basira. Kaka yana da wata ɗabi'a: in ya kurɓi jabana sai ya dire finjali a kan tire da ƙarfi, ƙwas. Ya yi haka ba adadi a cikin bidiyon. Na ɗauko takarda, na koma kan asalin abin da na ɗauka, wanda ban yanke ba. Duk inda na ga finjali ya taɓa tire sai in tsaya in ga yaushe ƙarar za ta iso, in rubuta tazarar.

A nan na ga abin da ban gani ba jiya. Tazarar ba a hankali take ƙaruwa ba. Sai ta tsaya wuri ɗaya na tsawon lokaci, ƙwas uku ko huɗu duk daidai, sannan ta yi tsalle. Ta sake tsayawa, ta sake tsalle. Na ƙirga tsallen, bakwai ne. Na koma in ga me ke faruwa a daidai kowane tsalle. Na farko, allo ya yi baƙi, sai muryata: "Ina wuni, Baba? Ina gajiya?" Na biyu, baƙi, muryata. Na uku haka. Tsofaffi bakwai suka shigo ranar Lahadi, sau bakwai na durƙusa.

Na buɗe bayanan fayil ɗin, na bi wani zauren intanet na masu irin aikinmu ina karantawa, sai abin ya fito fili. Bidiyo hotuna ne a jere da ake wucewa da su da sauri. Kyamarar kawu adadi ɗaya take ɗauka a kowace daƙiƙa, ko a rana ko a inuwa, kuma da irin wannan manhajarmu ta saba. Waya kuwa dabara gare ta. In da haske sai ta ɗauki wajen talatin a daƙiƙa, in ta shiga duhu sai ta rage sosai, tana jinkiri a kan kowane hoto don ta tara haske. Ita ta san lokacin kowane hoto, shi ya sa a cikinta komai ke tafiya daidai. Manhajarmu ba ta tambaya, ta ɗauka duk talatin-talatin ne, sai ta matse su. Hoto ya gajarce, murya na nan da tsawonta. Duk durƙuson da na yi, wayar ta shiga duhun tobina, hotuna sun ragu, bakin Kaka ya ƙara yin gaba. Ɗakin nasa ma da ya ƙi fitowa daga ciki ya taimaka, don duk sanda wani ya tare hasken ƙofa sai wayar ta ɗan rage, daga nan tsalle-tsallen hannun ya samo asali.

Na faɗa wa kawu. Ya je ya juyo da fanka kanmu, ya shafa kwamfutarsa ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, an yi miki ƙazafi. Ashe ladabi ne ya ɓata aikin."

Maganin bai kai wahalar da na sha ba. Akwai wata 'yar manhaja da ke sake jera bidiyo ta mai da shi adadi ɗaya daga farko har ƙarshe, inda hoto ya yi ƙaranci ta maimaita na kusa da shi ta cike gurbin. Sharaɗin kawai a yi haka tun kafin a yanke komai. Na ba ta asalin fayil ɗin, ta ɗauki fiye da awa biyu tana niƙa, ni ina zaune ina kallon layin da ke cika kamar mai jiran tukunya. Da ta gama na kai can ƙarshe, Kaka ya dire finjali, ƙwas, ido da kunne lokaci ɗaya. Na yi guɗa a tsakiyar kasuwar Sinja, mai shayi ta shigo a guje.

Da la'asar na kai wa Kaka. Wannan karon na kori kowa daga rumfa, daga ni sai shi. Ya matso dab da talabijin, ba ya kallon komai sai bakinsa. Har aka gama bai motsa ba. Sannan ya ce, "To, yanzu ni na." Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Don ya san ba aljanu ba ne, na ba shi labarin gwiwata da duhun tobi, ina jiran ya yi dariya.

Bai yi ba. Ya ce, "Ina gaisuwar?"

Na ce na yanke, ai ba a ganin komai, baƙi ne kawai.

"Maida ta."

"Kaka, allo baƙi har sau bakwai? Za su ce ban iya aiki ba."

"Su ce. Ni ina so su ji ɗiyar ɗana na gaida manya da Hausa. Tsoho ya iya, wannan ba labari ba na. Ke aka tambaya."

Ban taɓa fitar da aiki mai muni irin wannan ba. Alhamis da sassafe na mayar da duhun nan bakwai, na fitar da faifai, na hau raksha, wato keken haya mai ƙafa uku, zuwa tasha. Na sami baƙon har ya sa ƙafa ɗaya a mota. Na miƙa masa, ban ce a gaya musu wa ya haɗa ba.

Sai bayan wata huɗu ya dawo sayen turarensa. Ya zo gidanmu da hantsi, aka shimfiɗa masa tabarma a rumfa, Kaka ya kasa ko jiran a gama gaisawa.

"Sun gani?"

Baƙon ya ɗan sosa ƙeya. Ya ce 'ya'ya da jikoki sun gani, har maƙwabta. Amma ita tsohuwar, shi bai sani ba sai da ya shiga cikin gidan, idonta ya daɗe da tafiya. Ko hasken fitila ba ta gani.

Na dubi Kaka, na dubi baƙon. Kwana uku ina daidaita baki da murya, na zagi kwamfutar kawuna, na yi asarar abincin rana, ashe wadda aka yi dominta ba za ta ga bakin ba. Na faɗi haka da ƙarfi, aka yi dariya.

Baƙon ya ciro 'yar ƙaramar wayarsa mai maɓalli, ya ce ya ɗauko mana ita lokacin da ake kunna faifan. Hoton dishi-dishi ne. Wata 'yar tsohuwa ce a zaune a ƙasa, ta ba talabijin gefe, ta manna kunnenta a inda sauti ke fita. Aka ji Kaka ya yi gyaran murya sau biyu ya yi bisimilla. Tsohuwar ta ɗaga hannu ta ce, "Ku tsaya. Wagga muryar babana ta. Haka shika yi kahin shi yi magana." Ta ƙara matsawa.

Can aka zo duhu na farko. Aka ji muryata tana cewa, "Ina wuni, Baba? Ina gajiya?" Tsohuwar ta gyara zama ta ce, "Lahiya lau, ɗiyata. Ba gajiya." Baƙon ya ce haka ta yi har sau bakwai, ba ta bar ko ɗaya ba, kuma da aka gama ta tambayi ɗiyar wa ce wannan, ta ce a gaya mata ta gaishe ta.

Ni da na zo da shirin tsiya, sai na ji hawaye na bin fuskata. Kaka ya miƙa hannu, baƙon ya ba shi wayar. Bai kalli allon ba.

"Amarya, maida shi baya."

Na mayar. Ya kai wayar kunnensa, ya rufe ido. Da tsohuwar ta ce lahiya lau, sai ya sunkuyar da kai kamar tana zaune a gabansa, ya ce, "Sannu, ƙanwata. Mun daɗe."